Da Sauƙi, Ranka Ya Daɗe

A duk shekarun da na yi ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, mace ɗaya ce na taɓa tambaya "yaya jiki?" ta dubi tsabar idona ta ce, "Babu sauƙi." Allurar ɗibar jini tana hannuna, sai da na dakata. Mu a gidanmu ko mutum yana gargara "da sauƙi" ake cewa, shi ma in da sauran numfashi a bakinsa haka zai ce. 'Yarta ce ta rako ta, wadda take aure a cikin gari, Hausarta kuma ta fi tawa wankuwa. Ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Mama, ba a cewa haka. Da sauƙi ake cewa."

"To ƙarya zan yi? Shi likita ne, ya tambaye ni."

Ni ce "shi" ɗin, kuma ni ba likita ba ce, amma ban gyara mata ko ɗaya ba. Daga ranar nake kiranta Mama.

Maginiyar tukwane ce daga wani ƙauye a bayan Kwali. Fatar hannunta ta tsattsage tun daga yatsu har gwiwa, ta yi ja tana ɓamɓarowa, abin ya hau har wuya. Duk sanda fatar ta tashi sai cikin ma ya tashi, gudawa da jini har ta kasa miƙewa. A ƙauyen suka ce kuturta ce. Aka daina sayen tukwanenta, a coci benci guda ake bar mata ita kaɗai, jikokinta aka hana su sa hannu a kwanonta. Asibiti suka auna, suka ce ba kuturta ba ce. Ta koma gida da murna ta faɗa, mutane suka ce to in ba ita ba ce, mece ce? Ta dawo ta tambaya, aka ce mata kumburin fata da hanji ne. Ta kai wannan ma, aka yi mata dariya, wai kumburi ai ba suna ba ne, ko makaho ya shafa ya san ta kumbura. Magani tana karɓa, yana ɗan kwantar da abin ya sake tashi, amma ba shi ne ya fi damunta ba. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ku ba ni sunan sa in kai gida."

Lokacin farar hula sun dawo mulki, man fetur yana tsada a kasuwar duniya, Abuja tana ta tsayuwa da benaye kamar ana gasa. A Nyanya nake zaune. Da na sallame Asuba nake fita, duk da haka sai rana ta same ni a cikin cunkoson motoci, ina kallon tifofin yashi suna shiga gari a jere. Cibiyar binciken da nake aiki ita ma yayyafin arzikin ya taɓa ta. Aka ware ɗaki guda aka saka firji wanda ya fi durowar amarya girma, mai sanyin da in ka taɓa cikinsa da hannu tsirara sai ya ƙone ka. Kusa da shi aka ajiye wata na'ura mai karanta abin da ke cikin tsoka da jini.

Farfesa ne ya yi ta fafutika har aka sayo su. Shi ne shugaban sashen fata, dattijo mai sanyin murya, kuma kusan duk manyan cibiyar ɗalibansa ne. Yakan ce fata danga ce ta waje, hanji danga ce ta ciki, in ɗaya ta ɓalle ka leƙa ɗayar, domin akuyar da ta shiga ta nan ita ce ta shiga ta can. Ya gaji da ganin likitocin fata suna ɓoye abin da suka sani a nasu lungu, masu hanji a nasu. Ya ce a tara komai wuri ɗaya, har asibitocin kewaye su kawo nasu, kowa ya yi aiki da kayan. Ɗakin gayya yake kiransa. Ni aka ɗora wa jera samfura da kula da firjin, kuma ba zan ɓoye ba, na yarda da abin har zuciyata. Ina jin kamar a karo na farko ƙasar nan za ta yi wani abu da hankali.

Sinadaran na'urar in aka buɗe su ba sa jira, don haka aka ce sai samfura sun taru da yawa a karanta su gaba ɗaya. Muka yi ta tarawa. Akwai na wani mai sauke siminti a Dei-Dei, akwai na wata babbar ma'aikaciya da ba ta taɓa bari an ga damtsenta ba. Mama ta fi kowa bayarwa. Duk sanda ciwon ya tashi sai ta shigo mota ta zo, a yanki ɗan fata, a zura mata bututu a tsinko ɗan hanji, a ɗebi jini. Ba ta taɓa cewa wayyo ba. Ranar farko na nuna mata abin da aka ciro, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan ɗan nama ne zai faɗi suna?"

Na ce mata in Allah ya so. Ta ce to in ajiye mata shi da kyau, ita ba ta da wani da yawa a jiki.

Abin ya fara lalacewa ne da cinyar rago. Bayan wata Babbar Sallah na buɗe firjin na tarar da ita a naɗe cikin baƙar leda, an kwantar da ita a kan akwatunan hanjin mutane, ta daskare ta koma dutse. Aka yi cigiya har aka gaji. Ɗakin na kowa ne, amma cinyar ba ta kowa ba ce. Farfesa da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar sai da ya ɗaga ta. Ya aiki direbansa kasuwar Dei-Dei ya sayo kwaɗo, irin mai nauyin nan, ya sa a ƙofar ya jefa makullin a aljihu.

Masu hanji suka ce ashe su ne ɓarayin ke nan, kuma yanzu sai sun yi bara kafin su ga kayansu. Shugabarsu, wata likita mai kirki da saurin hawaye, ba ta so ba, amma yaranta suka matsa mata, ita ma ta sa nata kwaɗon. Da daraktan gudanarwa ya ji, ya ce ginin gwamnati ne, ba wanda zai rufe ƙofa a cikinsa babu hannunsa. Aka kira mai walda ya ƙara ƙarafa, kwaɗo ya zama uku. Kowace safiya sai na bi ofis uku ina gaisuwa kafin in shiga wurin aikina, sai ka ce magada ne za su buɗe ɗakin mamaci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na faɗi haka a fili, aka ce dama bakina ba shi da linzami.

Duk da haka abin ya ci gaba da tafiya da ɗingishi, domin Farfesa ya fi kowa sammako, in zai yi tafiya kuma yakan bar makullinsa wurin sakatariyarsa.

Da bazara ne, zafin nan da ke zuwa gab da faɗuwar ruwa, Farfesa ya tafi Umra. Washegarin tafiyarsa da hantsi aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi. Ina cikin baranda na ji firjin ya fara kuka ta bayan ƙofa, ƙii, ƙii, ƙii. Na san abin da ya faru, don ya taɓa faruwa. Wani ɗan makunni ne a akwatin wutar da ke cikin ɗakin yake faɗuwa, da babban yatsa ake tura shi sama, shi ke nan. Wuta tana ko'ina a ginin, iyakwandishan ɗin ofisoshi suna ta hura sanyi, ɗakin nan kaɗai ne ya mutu. Na ruga na karɓo makullin likitar hanji da na darakta. Na je wurin sakatariya, ta zazzage durowa kaf, babu. Aka aika gida, Hajiyarsa ta duba ko'ina, babu. Ya manta, ya tafi da shi a aljihu.

Na ce a fasa. Ni a tunanina maganar ba ta kai a zauna a kanta ba.

Darakta ya ce a zauna. Mutum ne mai son tsari, mai babbar riga mai sitaci, wanda bai taɓa yanke hukunci a tsaye ba. Ya kira likitar hanji ofishinsa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa inda ƙanana suke tsayawa. Ya ce kwaɗon ba nasa ba ne, ba na likita ba ne, na Farfesa ne, kuma a tarbiyyar da aka yi masa ba a fasa kwaɗon babba a bayan idonsa. Likita ta sunkuyar da kai.

"Malamina ne," ta ce. "Shi ya kama hannuna ya koya mini aikin nan. Da wane ido zan dube shi?"

Na ce to a kira shi ya ba da izini da bakinsa. Lambar da yake amfani da ita a can darakta kaɗai ke da ita. Ya ja lokaci yana juya wayar a hannu, sannan ya kira, ya buɗe muryar don mu ji. Aka yi gaisuwa. Yaya hanya, yaya ibada, yaya zafin can, a sa mu a addu'a. Ni ina tsaye ina jiyo kukan firjin daga ƙarshen baranda.

"Ranka ya daɗe, dama firjin nan ne ya ɗan yi mana gardama."

"Subhanallahi. Yaya yake yanzu?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Da sauƙi sosai."

"To alhamdulillahi. Ku kula da shi, sai na dawo."

"Babu sauƙi!" Ban san sanda maganar Mama ta fito daga bakina ba, da ƙarfi har sakatarorin waje suka leƙo. Amma darakta ya riga ya kashe wayar. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ba ki da kunya ne? Mutum yana ɗakin Allah za ki ɗaga masa hankali a kan firji? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na roƙe shi lambar, ya hana ƙememe. Ya ce za a nemi injiniya ya duba ko za a iya jawo wuta ta waje, kuma duk wanda ya taɓa ƙofar gwamnati shi ya sani.

A bayan gininmu ana gina wani sabon bene, kamar ko'ina a garin a lokacin. Na je na ari guduma wurin kafintoci, na ɗaure mayafina a ƙugu, na dawo na hau kwaɗon da duka. Ko gezau bai yi ba. A cikin ginin nan kaf, daga famfo har kujeru, ina jin kwaɗon nan ne kaɗai ba jabu ba. Na daki babban yatsana har farce ya yi baƙi. Mai gadi ya zo da gudu ya riƙe gudumar.

"Madam, abeg, aiki na za ki cinye. Oga ya ce kada kowa ya taɓa. Ina da yara."

Ba shi da laifi, shi ma makullin cikinsa a hannun wani yake. Na sakar masa gudumar na zauna a ƙasa na jingina da ƙofar.

Injiniya ya zo ya zaga ya ce ba hanya sai ta ciki. Tagar ɗakin tana can sama, an dasa mata ƙarfe. A jikin ƙofar akwai ɗan gilashi, ta nan nake leƙa jajayen lambobin da ke goshin firjin, suna nuna sanyin yana zurarewa kaɗan-kaɗan. Mutane suna wucewa suna toshe kunne, wasu su ce mini sannu, kamar mai jinya. Kowa ya yarda abin ba daidai ba ne, kowa ya yi tsaki, kowa ya koma ofishinsa. Da batirin ƙararrawar ya ƙare kukan ya tsaya, har na ji wata tana cewa, "Ya yi shiru, ƙila ya gyaru." Bayan nan ruwa ya fara biyowa ta ƙarƙashin ƙofa. Bayan ruwan sai wari.

Ban daina zuwa aiki ba. In fito daga Nyanya, in sha cunkoso, in zo in zauna kusa da warin. Baƙin ciki na gaske na yi a kwanakin nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikin maganar. Da akwai wanda ya yi da gangan, da na san wanda zan tsana in huta.

Farfesa ya dawo da dabino da zamzam a leda, tsarabarmu, fuskarsa tana ta haske. Tun daga matakala warin ya tare shi. Ya lalubo makullin a aljihu. Da ƙofar ta buɗu na wuce shi na tura makunnin da yatsana mai ciwo, firjin ya kama gurnani kamar ba abin da ya faru. Muka buɗe shi. Akwatunan sun jiƙe sun lotse, abin da ke cikin 'yan kwalaben ya narke ya sake kala. Na ciro jerin na Mama, na shekaru, tun daga zuwanta na farko. Babu abin da wata na'ura za ta iya karantawa a ciki.

Dattijon nan ya zauna daɓas a ƙasa cikin ruwan, da farar rigarsa.

"Me ya sa ba ku fasa ba? Kwaɗo ne fa. Kwaɗo!" Ya juya wajen darakta. "Na tambaye ka, ka ce da sauƙi."

Darakta ya ce ai ba ya so ya ɓata masa ibada ne. Likita tana ta kuka. Ni kuwa bakin nan nawa bai bar ni ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ma Bahaushe ne. Ka san lokacin da ake cewa da sauƙi." Ya ɗago ya dube ni ya daɗe. Har yau ban sani ba ko ya gane a wayar ya zaɓi ya ji abin da yake son ji. Ina jin shi ma bai sani ba.

Aka yi taro, ihu bayan hari. Aka yanke cewa a yanko wa kowane kwaɗo makulli na biyu a ajiye a cikin akwati, akwatin kuma a sa masa kwaɗo. Asibitocin kewaye ba su ƙara aiko mana da ko ɗigon jini ba. Sinadaran na'urar suka lalace a kwalinsu ba a buɗe ba. Sannu a hankali kowane sashe ya nemi ɗan ƙaramin firjinsa ya ɓoye a lungunsa, aka koma gidan jiya. Farfesa bai ƙara cewa ɗakin gayya ba har ya yi ritaya. Babban firjin ya ci gaba da gurnani, sanyi ƙalau, ba komai a cikinsa.

Ba wanda ya ce a je a gaya wa masu naman. Ni na shiga mota na tafi Kwali da kaina, daga can na hau babur zuwa ƙauyen. Damina ta sauka, gonaki sun yi kore. Na tarar da Mama a zaune a gindin bango, ta rame har na so in wuce ta. A bayan ɗakinta tukwane ne a jere an kife su, wasu ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu. Ta yi murnar ganina. Ta sa aka kawo mini ruwa a kaskon da ta gina da hannunta, na shanye, ina ganin maƙwabta suna leƙe ta saman danga.

"Ka kawo sunan?"

Na gaya mata gaskiya yadda take. Na ce wuta ta mutu, ƙofa tana kulle, naman ya lalace.

"Duka?"

"Duka, Mama."

"Ba mutum a wurin?"

"Muna nan. Dukanmu muna nan."

Ta dubi hannuwanta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Can ta miƙo mini hannun ta ce in akwai wuƙa a jakata in yanki wani. Na ce ba a nan ake yi ba. Abin da ban iya faɗa ba shi ne likita ta riga ta ce hanjinta ya yi laushin da ba za a ƙara tsinkarsa ba, kuma ko an tsinka babu sauran gayyar da za a kai shi.

"Na riga na gaya masu suna yana zuwa daga Abuja," ta ce. "Yanzu me zan ce masu?"

Na zauna tare da ita har rana ta karkata, muna kallon kaji, sannan na yi mata sallama.

Bayan nan nakan kira wayar 'yarta in ce a ba ni ita. In na ce yaya jiki, Mama ta ce babu sauƙi, ni kuma sai in ji hankalina ya ɗan kwanta, tunda dai tana da ƙarfin faɗa. Wata ranar Asabar da yamma, ina tsinke alayyafo a ƙofar ɗakina, na kira. 'Yar ta ɗauka. Na ce a ba ni Mama, ta ce tana kwance. Na ce yaya jikin nata.

"Da sauƙi, anti," ta ce. "Da sauƙi sosai."

Ban ƙara tambayarta komai ba. Da safe na ɗauki mayafina na tafi tasha.

Kafin in isa an riga an jera bencuna a gindin mangwaro, mata suna waƙar coci a hankali. 'Yar ta rungume ni ta zaunar da ni a cikin dangi. A bayana wata baƙuwa da ta zo daga wani ƙauye take tambayar ta kusa da ita me ya kashe marigayiyar. Matar ta rage murya, amma na ji ta sarai. Ta ce kuturta.

Ban juya ba. Ba ni da wani sunan da zan ba ta.